Tokar Mai Burodi

Duk wanda ya yi safarar kaya daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin a shekarun dubu biyu, in dai ya taɓa kai kaya ofishin Madam Fang da ke unguwar Xiaobei, to ya ga Nestor Leong, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne gajeren mutumin nan mai furfura a gefen kunne da ke tsaye a bakin sikeli, da naɗin salatif a wuyan hannu kamar munduwa, da wuƙar yankan kwali a aljihun gaba. Shi ke buɗe kaya ya duba, shi ke ɗaurewa, shi ke rubuta sunan mai kaya a jikin kwali. Kwalin da Nestor ya ɗaure ba ya fashewa a hanyar Kano, ba ya fashewa a hanyar Maraɗi. Iyakar abin da yawancin mutane suka sani game da shi ke nan, kuma a wannan sana'a ya isa.

Fuskarsa ce ke rikita mutane. Ido na 'yan Sin, fata ta fi tasu duhu, ga Turanci a baki ba gargada. Baƙon ɗan kasuwa zai ce masa "nihao", gaisuwar 'yan Sin, shi kuma ya amsa da "Sannu da zuwa, Alhaji," domin ya tsinci Hausa a bakin sikelin nan. Ɗan gari zai yi masa magana da sauri, in ya amsa sai a kwashe da dariya, saboda harshen da ya koya a wurin ubansa na ƙauyen Taishan ne, kuma na mutanen da. In 'yan sanda suka zo duba fasfo, shi ake wucewa a tare baƙaƙe. In lokacin sabunta biza ya yi, layi ɗaya yake bi da su.

A Iloilo aka haife shi, a ƙasar Filifin. Ubansa ya bar Taishan tun yana saurayi, ya hau jirgin ruwa, ya yi wa wani wanke-wanke har ya samu ya buɗe gidan burodi nasa. Ya auri Consuelo, yarinyar da ke tsare masa kanta. Ita Consuelo abu biyu ta yi imani da su, coci da Amurka. In ta samu gwangwanin naman Amurka, ko an cinye sai ta wanke shi ta jera a saman kabad inda baƙi za su gani. Kullum safe tana jan hancin Nestor da yatsu biyu don ya miƙe kamar na Bature. Hancin bai miƙe ba. Ta hana shi yin harshen ubansa a gaban mutane, ta ce zai lalata masa Turanci.

Uban bai taɓa yi mata musu ba. Ba mai magana ba ne. Amma a bayan buhunan fulawa yana da ɗan katako da ya kafa a bango, da hoton iyayensa a kai, da gurbin turare. Da asuba, in suna murza ƙulli su biyu, a nan yake ba yaron labarin ƙauye: kududdufin kifi a bakin gari, da tudun da ake binne kakanni, da ranar sharar kabari da ake yi duk shekara a farkon damina. A ranar, ya ce, ana gasa alade guda a kai kan tudu, in an gama gaishe da matattu sai a yanka a raba, kowane ɗa namiji na zuri'ar Leong da kasonsa, ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ba wa kaso ɗan gida ne. Wanda ba a ba shi ba, ko me yake, baƙo ne.

A makaranta yara suna tsokanar Nestor da ɗan Sin. A shagunan 'yan Sin na garin kuma ana kiransa ɗan matar ƙasa. Ya girma bai yi faɗa da kowa a kan haka ba, ya dai rage magana kamar ubansa. Ƙanwarsa ta auri wani sojan ruwan Amurka ta tafi, uwar ta yi murna kamar an ba ta Aljanna, ba ta kuma daɗe ba ta rasu. Wadda ya so ya aura ta samu aikin jinya a Kanada, ta rubuto sau biyu. Ya rage daga shi sai tsohon da tanda.

Da ciwon tsohon ya yi tsanani a shekarar dubu biyu, ya kira shi ya ce, "Kada ka bar ni a nan. Ka sa a ƙona ni, ka kai ni kan tudu." Nestor ya ce to. Abin da ya ce ke nan, to. Ya sayar da gidan burodin, ya zuba tokar a ɗan tulun tangaran mai murfi, ya hau jirgi yana ɗan shekara arba'in da ɗoriya, zuwa ƙasar da bai taɓa takawa ba.

Ƙauyen yana nan yadda aka ba shi labari, har da kududdufin. Ƙanin ubansa ma yana raye, shi ne babba a zuri'a, wani busasshen tsoho da hular hana-salla mai tutar Amurka a goshi, wadda wani dangi ya aiko masa. Nestor ya shiga ya yi abin da uwarsa ta koya masa tun yana rarrafe, abin da kowane ɗan Filifin mai tarbiyya ke yi wa babba: ya sunkuya, ya kama hannun baffan, ya kai bayan hannun goshinsa. Tsohon ya fizge hannunsa ya goge a wando.

"Wannan kuma na Turawan coci ne?" ya ce wa na kusa da shi, ba wa Nestor ba. "Haka suke lashe hannun limamansu."

Daga nan aka zuba shayi. Baffan bai ce a'a ba, kuma bai taɓa cewa a'a ba a duk shekarun da suka biyo. Ya ce wansa ya tafi bai waiwayo ba, ko jana'izar iyayensu bai zo ba. Ya ce wuri ya yi kaɗan a kan tudu. Ya ce sai dattawa sun zauna. Ya ce a dawo baɗi.

Nestor ya zo da niyyar wata guda. Sai ya nemi aiki a Guangzhou, inda mota za ta iya kai shi ƙauyen ta dawo da shi a yini ɗaya. Madam Fang na neman mai jin Turanci da zai yi magana da baƙaƙe, shi kuma yana neman wurin jira. Ya kama ɗaki a wani lungu bayan tashar jirgin ƙasa, ɗakin da in ya miƙa hannu zai taɓa tagar maƙwabci. Ya kafa ɗan katako a bango ya ɗora tulun. Kullum safe yana haɗa kofi biyu, ya ajiye ɗaya a gaban tulun da ɓarin burodi, ya ce, "Burodin garin nan sukari ne kawai, Baba, ka yi haƙuri." In ya dawo da yamma ya shanye kofin a sanyaye. Ba ya son ɓarna.

Mutum ɗaya ne a Xiaobei ya san da tulun, Alhaji Tankari, wani dattijo ɗan Maraɗi mai sayen batir da tocila, wanda ke zuwa sau biyu a shekara ya zauna a kan kwalayensa yana jan carbi har a gama ɗauri. Ranar da ya ji labarin, carbin ya tsaya a hannunsa.

"Ƙona shi kunka yi? Subhanallahi." Sannan ya ce, "To, naku ne, ba ni da ta cewa. Amma kai, yaro, mamaci ba ya zama gidan haya. Ka kai shi ƙasa."

"Ina kai shi, Alhaji. Duk shekara."

"Kana kai shi yawon buɗe ido, kana maido shi."

Nestor ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba. Da za su rabu, ba tare da ya yi tunani ba, ya kama hannun tsohon ya kai goshi. Tankari ya dubi hannunsa, ya dubi Nestor.

"Mi ne ne wannan?"

"Gaisuwar babba ce a wurinmu."

"To madalla. Sai dai ka shafa mini zufa." Bai goge ba.

Jakar da yake ɗaukar tulun a ciki a Shiling ya samo ta, garin masu ɗinkin jakunkuna. Hajiya Sabuwa ce, wata 'yar kasuwar Kano mai baki, ta roƙi Madam Fang ta ara mata shi ya yi mata tafinta. Sun yini a masana'anta tana zaɓe, daga ƙarshe mai wurin ya kawo faranti cike da tambura na ƙarfe, wannan na Italiya, wannan na Faransa, a zaɓi wanda za a manna.

"Hajiya, jakar nan tana da kyau," Nestor ya ce. "A nan aka ɗinka ta, ga masu ɗinkin kina gani."

"Na sani, ka sani. Matar da za ta saya a Kano ba ta son ta sani. In babu sunan Bature a jiki, ko kyauta na ba ta sai ta ce na raina ta." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai ma ai da Turancin nan kake cin abinci, Malam Nesto. Cire shi mu ga wa zai ɗauke ka aiki."

Nestor ya san gaskiya ta faɗa. Ya zaɓi baƙar jaka mai faɗin gindi ya ce a ba shi ita haka nan. Mai masana'antar ya ce tambarin kyauta ne. Nestor ya ce ya gode, ba ya so. Hajiya ta ce wannan mutumin akwai taurin kai a ɓoye.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Duk ranar sharar kabari ya ɗauki jaka, ya hau mota, ya tsaya a gindin tudu yana jin ƙarar wasan wuta da ƙamshin turare daga sama, a sauko a ba shi shayi, a ce baɗi. Ya lura da abu ɗaya. Rabin gidajen ƙauyen a rufe suke, masu su suna Amurka, kuma hotunansu ne a bangon zauren kakanni. Waɗanda suka tafi Filifin ko Indonesiya ba hoton kowa. Tafiya iri ɗaya aka yi, yunwa iri ɗaya ta kore su, amma jirgin wani ya tsaya a inda ake so.

A shekarar dubu biyu da bakwai, ana saura 'yan kwanaki ranar sharar kabari, wayarsa ta yi ƙara yana tsakiyar ɗaurin kaya. Baffan ne da kansa, wanda bai taɓa kiransa ba. Ya ce lallai bana ya zo da wuri, ya sa kaya masu kyau.

Nestor ya je ya sayi farar riga. Ya yi aski. Ya goge tulun da tsumma mai laushi, ya ce, "Bana ne, Baba." Tankari na gari a lokacin, ya ga rigar a leda ya ce, "Ango, ina amaryar?"

Da ya sauka daga mota ya ga jan ƙyalle an ɗaura a ƙofar gari, da wata baƙar mota a bakin kududdufi. Baffan ya tarbe shi da sauri, ya ja shi ta hannun riga zuwa gaban wani dogon mutum mai gajeren wando da kyamara a wuya. Sunansa Raymond Leong, likitan haƙori ne daga Kalifoniya, jikan wani ɗan'uwan kakansu, shi ya gyara wa ƙauyen hanya. Bai iya kalma ɗaya ta harshen garin ba, kuma duk ƙauyen babu mai Turancin kirki.

"Ka tsaya kusa da shi," baffan ya ce. "Duk abin da ya faɗa ka gaya mini, duk abin da na faɗa ka gaya masa."

Abin da aka kira shi ya yi ke nan. Nestor ya tsaya da jakarsa a kafaɗa da sabuwar rigarsa. Sannan ya fara aiki, domin aiki ne, kuma bai saba ƙin aiki ba. A karo na farko ya hau tudun, a bayan Raymond, yana gaya masa wannan kabarin kakan kakanka ne, ka riƙe turaren da hannu biyu, ka sunkuya sau uku. Raymond ya yi komai a karkace yana dariya, dattawa suna cewa madalla, jini ba ya ɓuya.

Mutumin ba mugu ba ne. Da suka tsaya hutawa ya ga Nestor bai sauke jakar ba duk da zufar da ke zubo masa.

"Me ke cikin jakar nan, ɗan'uwa? Kawo in riƙe maka."

"Ubana ne."

Raymond ya sauke kyamarar. Nestor ya ba shi labarin a gajarce, ba ƙari, ba kuka. Raymond ya juya wurin baffan, fuskarsa ta yi ja, ya ce da Turanci, "Wannan ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana cikin jaka. Ga mu a kan tudu, ga magina da shebur. A binne shi yau mana. Me ake jira?"

Duk suka juyo suna kallon Nestor, suna jiran fassara.

Maganar nan ita ce wadda ya yi ta kawowa shekara da shekaru, da ladabi, da kwalin shayi, da harshen ubansa. Yanzu zai sake faɗarta da bakinsa, amma a matsayin maganar wani. Zuciyarsa ta ce masa ya ƙi fassarawa, ya ɗauki ubansa su koma. Sai ya tuna ba don kansa ya ce wa ubansa to ba. Ya fassara, kalma da kalma, yadda yake auna kaya.

Baffan bai ko dube shi ba. Raymond ya kalla, ya washe baki.

"Ai dama maganar na ranmu," ya ce. "Gaya masa akwai wuri can kusa da iyayenmu. Gaya masa ya yi tunani mai kyau, ɗan halak ne."

Nestor ya gaya masa.

Ba a ɗauki lokaci ba. Rami ne ƙarami. Nestor ya karɓi shebur daga hannun magini ya ƙarasa haƙan da kansa, ya durƙusa ya sa tulun, ya mayar da ƙasa da hannu. Farar rigar ta tashi daga aiki. Ya kunna turare yadda ubansa ke yi, sannan ya motsa leɓe ya yi addu'ar da uwarsa ta koya masa, a hankali, ba tare da ya ɗaga hannu ba. Ba wanda ya lura. Raymond ya ɗauki hoto.

Sai aka zo rabon nama. Aka shimfiɗa gasasshen aladen a kan katako, mahauci ya sassara, wani dattijo ya fara kiran sunaye. Nestor ya tsaya a gefe da jakar da ba komai a ciki, yana fassara wa Raymond ma'anar abin. Aka kira Raymond, aka tafa. Aka kira 'yan yara da ko tafiya ba su iya ba, iyayensu suka karɓar musu. Aka kira na ƙarshe, mahauci ya goge wuƙarsa.

Raymond ya dubi ƙunshin maiƙon da ke hannunsa, ya rasa yadda zai yi da shi. "Ni likita ya hana ni irin wannan," ya ce. "Ungo, ka kai gida."

Nestor ya karɓa ya ce ya gode. Ya bari jama'a suka fara gangarawa, sannan ya koma wurin sabuwar ƙasar, ya buɗe ƙunshin ya ajiye a kai.

"Ga kasonka, Baba," ya ce. "Ta hannun wani ya zo, amma ya zo."

Bai tsaya cin liyafa ba. Raymond ya neme shi, aka ce ya bi motar yamma.

Washegari ya tashi ya haɗa kofi biyu kafin ya tuna. A kan katakon babu komai sai zagayen da gindin tulun ya bari. Ya tsaya da kofin a hannu, bai san wa zai ce wa burodin garin nan sukari ne ba. Ya shanye duka biyun ya tafi aiki.

Tankari na zaune a kan kwalayensa, jirginsa na tashi a ranar.

"Yaya? An kai shi ƙasa?"

"An kai shi, Alhaji."

"Alhamdu lillahi. To sun karɓe ka ke nan."

"Shi suka karɓa."

Tsohon ya dube shi. "Yanzu sai gida?"

Nestor ya ja salatif ya zagaye kwali, ya yanke da wuƙa. A Iloilo gidan burodin ya zama shagon sayar da wayar hannu, ƙanwarsa ce ta gaya masa. "Kwalinka na ƙarshe ke nan," ya ce. "A duba sunan."

Da motar filin jirgi ta zo, Tankari ne ya fara miƙo hannu, bayan hannun a sama. Nestor ya kai shi goshi. Sannan tsohon ya tafi, kamar yadda duk masu kaya ke tafiya.

Jakar tana nan rataye a ƙusa a bayan sikeli, a ciki yake ajiye salatif da alƙalamin rubuta kwali. Baffan bai sake kiransa ba. Amma da ranar sharar kabari ta zagayo, Nestor ya roƙi Madam Fang hutun yini ɗaya, ba ranar ba, washegarinta, lokacin da tudun ya koma shiru. Ya sayi tsintsiya a tasha, ya hau shi kaɗai, ya cire ciyawar da ta fito, ya share jajayen takardun da jama'a suka bari. Ya share na kakanninsa ma, tunda suna kusa.